Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga 'yan uwa masu aikin kicin a mashayun Birtaniya, kan fankar da ke ruri a kanmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina gaishe ku da aiki gaba ɗaya: manyan kuku da mataimakansu, masu wanke-wanke, da 'yan ƙalilan ɗin da Allah ya ɗaga har suka zama manajoji. Gaisuwa kuma ga waɗanda suka tara guminsu suka buɗe nasu wurin tuwo da tsire a Landan ko Manchesta, don rabin maganar nan tasu ce. Masu karantawa daga gida su sani cewa mashaya a ƙasar nan ba wurin sha kawai ba ce, da yawansu yau da abinci suke rayuwa, ranar Lahadi iyali guda kan zo cin gasasshen nama da dankali. Batun halaccin aiki a irin wuraren nan na malamai ne, kowa ya tambayi nasa. Ni maganar fanka ce ta kawo ni.

Shekarata uku a bakin famfon wanke-wanke kafin in koyi aikin lantarki. Yau sana'ata hawa rufin gidajen abinci ina gyaran fankar zuƙe hayaƙi, to kun ga na san ta ta ƙasa na san ta ta sama. Lokacin da nake wanke-wanke ni ke buɗe kicin da bakwai na safe, kuma abin da aka koya mini ranar farko shi ne in na shigo in kunna fitila, in kunna fanka, in kunna tukwanen suya da abin gashi da tanda. Baƙon farko ba ya zama sai sha biyun rana. Awa biyar ke nan fanka tana gudu iya ƙarfinta, ba abin da ke ƙarƙashinta sai mu muna yankan albasa. Ban taɓa tambayar dalili ba, wanda ya koya mini ma haka ya taras.

A wancan lokacin ba wanda ya damu. Amma tun da farashin gas ya tashi, musamman bayan Rasha ta shiga Yukren a Fabrairun 2022, lissafi ya canza. Rufin farashin da Ofgem, hukumar da ke sa ido kan farashin makamashi, ke sa wa wuta na gidajen kwana ne, bai shafi 'yan kasuwa ba. Gwamnati ta tallafa musu daga Oktoban 2022 zuwa Maris na 2023, ta rage tallafin na shekara guda, daga ƙarshen Maris na 2024 kowa ya ɗauki kayansa. Mashayun ƙasar nan sun haura 60,000 a shekarar 2000, zuwa 2024 sun koma wajen 45,000. Ba kuɗin wuta ne kaɗai ya ci su ba, amma duk wanda aka taɓa rage wa awannin aiki ya san in takardar wuta ta yi nauyi a ofis, a kicin ake fara jin ta. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Reading kan mashayu 14 masu sayar da abinci ya nuna cewa kusan kashi 63 cikin ɗari na lantarkin gidan a harkar girki yake tafiya, kuma ya ɗora alhakin ɓarna mai yawa a kan ɗabi'ar ma'aikata da rashin kula da kayan aiki. Ɗabi'ar ma'aikata, wato ni da bakwai na safe.

Bari in yi muku lissafin da ya fara buɗe mini ido. Mu ɗauka injin fankarku kilowat 3 ne, girman da nake yawan tararwa a matsakaicin kicin. In ya yi awa 16 a rana, ya ci yunit 48. A shekara yunit 17,520. In ana sayar muku da yunit peni 25, fam 4,380 ke nan, kuma fankar fitarwa ce kaɗai, ba a haɗa da fankar shigo da iska ba.

Sai ga abin mamakin. Fanka ba ta cin wuta daidai da gudunta. In ka rage gudu da kashi 20 cikin ɗari, iskar da take ja ta ragu da kashi 20, amma wutar da take ci ta faɗi zuwa kusan rabi. In ka mayar da ita rabin gudu, kashi ɗaya cikin takwas take ci. Dalili kuwa, ana ninka gudun ne sau uku a kan kansa: rabin rabin rabi. A kicin ɗin da na misalta, ainihin lokacin wuta-wuta bai wuce awa 6 ba, abincin rana da na dare. In fanka ta yi awa 6 ɗin nan a cikakken gudu, sauran awa 10 a kashi 60, yunit 48 sun koma wajen 25. A aikace ba a samun duka cif, saboda inji da inbata, wato na'urar rage gudu, su ma suna da nasu cin, amma ko an zaftare wani abu, ragowar ta isa a yi magana a kanta. Duk wanda ya taso da fankar sili ya san regileta, daga lamba ɗaya zuwa biyar. Galibin kicin ɗin da nake shiga fankarsu lamba biyar kaɗai ta sani.

Wannan ma ƙaramin ɓangare ne. Babbar ɓarnar a iskar kanta take, kuma ita ce ba a gani a takardar wuta da sunan fanka. Rumfar zuƙe hayaƙi da ke saman murhu, mai matsakaicin girma, tana iya zuƙe iska mita kubik 2 a kowane sakan. Ku auna ɗaki mai tsawon mita 4, faɗi 4, tsayi 3: duk iskar cikinsa ta fice ta rufi cikin sakan 24. Dole wata ta shigo ta maye gurbinta. A watan Janairu iskar da ke shigowa ta waje ce mai sanyin ƙanƙara, kuma ɗumama wannan adadin da digiri 10 kacal yana cin kusan kilowat 24, ninki takwas na abin da injin fankar ke ci. Wannan kuɗin a takardar gas yake ɓuya, ko a hitar da ke cikin bututun shigo da iska. Shi raguwarsa daidai take da raguwar iska, ba ninki uku ba, amma da yake tulin babba ne, ko kashi 30 aka cire an cire abu mai kauri.

A nan ne nake ganin kuskuren da ya fi ba ni haushi. Kuku ya ji iska mai sanyi na dukan ƙeyarsa daga sili, sai ya kashe fankar shigo da iska, ko ya toshe ramin da kwali da salatif. Na cire irin kwalin nan ban san iyaka ba. Ba na ganin laifinsa, na tsaya a wurin na san yadda sanyin yake. Amma ita fankar fitarwa ba ta san an toshe ba, za ta nemi iska ko ta halin ƙaƙa. Sai ta jawo ta daga zauren baƙi, iskar da aka riga aka kashe kuɗi aka ɗumama, ta watsar a sama. Baƙi su ji sanyi a ƙafa, manaja ya ƙara hita, fanka ta ƙara kwashewa. Alamar ba ta ɓuya: ƙofar kicin tana fito ta ƙasa, ko sai ka sa kafaɗa kafin ta buɗu, ko ta rufe kanta da ƙarfi a bayanka. Ƙa'idar da masu sana'armu ke bi, DW/172 ta BESA, ƙungiyar kamfanonin aikin injiniya na gine-gine, tana so a shigo da mafi yawan iskar da ake fitarwa ta hanyar da aka tsara mata, a bar ɗan gibi kaɗan don warin girki kada ya bi baƙi zaure. Maganin sanyin ƙeya shi ne a juya bakin iskar ko a rage saurinta, aikin da bai fi rabin yini ba.

Akwai abubuwan da ba sa buƙatar ko peni, kuma a hannunmu suke. Duk abin da aka kunna ƙarƙashin rumfa yana fitar da zafin da fanka za ta kwashe, saboda haka abin gashin da ke ci wayam daga safe zuwa rana sau biyu ake biyan kuɗinsa. Tukunyar suya minti kaɗan take buƙata ta yi zafi, ba awa huɗu ba. A rubuta lokacin kunna kowane abu a manna a bango. Tsakanin ƙarfe uku da biyar, in tukwanen suya uku ne a bar ɗaya. Bayan an gama goge-gogen dare a tura murhu da tukwane su koma jikin bango, don sau da yawa ana jawo su a share baya a bar su nan, bakinsu ya leƙo waje da rumfa, hayaƙi ya tsere, gobe a ce fanka ba ta ja a ƙara mata gudu. Ɗan farantin ƙarfe a gefen rumfa, dama da hagu, yana tare iskar da ke karkatar da hayaƙi, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Sai filta. 'Yan uwa masu wanke-wanke, wannan namu ne, kuma na san shi ne aikin da kowa ke gudu da sha ɗayan dare. Filtar da maiƙo ya toshe tana hana rumfa ja, kicin ya cika da hayaƙi alhali inji na ta ruri yana cin wuta. Abin da ya fi muni shi ne a zare filta ɗaya a bar ramin a buɗe wai don iska ta wuce. Ta wuce kam, ta kwashi maiƙo ta shafe cikin bututu da shi, kuma maiƙon bututu makamashi ne mai jiran tartsatsi. Gobarar da ta rufe tasha ta ɗaya a filin jirgin Heathrow a Disambar 1997 daga bututun hayaƙin wani wurin abinci ta tashi. Ƙa'idar BESA ta wankin bututu, TR19, ta ce kicin mai aiki awa 12 zuwa 16 a rana a wanke bututunsa duk wata uku, mai awa 6 zuwa 12 duk wata shida, mai ƙasa da haka sau ɗaya a shekara. Kamfanonin inshora suna neman takardar shaidar wankin nan in an yi gobara. Wanda ya tsallake wanki don ya rage kashe kuɗi, ranar da zai gane lissafinsa bai fita ba ranar ba ta da daɗi.

Abin da ya wuce wannan sai da kuɗi. Mafi sauƙi a sa wa injin inbata mai sarrafa gudu, a ba kuku maɓalli mai mataki biyu ko uku: na shiri, na girki, na wuta-wuta. Matsalarsa ɗaya, mutum ne ke juyawa, kuma na koma wurare bayan wata shida na taras an kai shi ƙarshe an liƙe da salatif. Shi ya sa aka ƙirƙiro mai juya kansa. Ana sa na'urar jin zafi a bakin bututu, wasu har da ido mai ganin hayaƙi da tururi a cikin rumfa, in girki ya kankama fanka ta tashi, in ya lafa ta sauka, fankar shigo da iska kuma ta bi sahunta. Akwai Cheetah na kamfanin Quintex a nan Ingila, akwai Intelli-Hood na Melink daga Amurka, kamfanin Halton ma yana da nasa. Ba talla nake wa kowa ba. Ra'ayina shi ne na'urar nan tana biyan kanta a kicin mai babban inji da dogon yini, amma a ƙaramin wuri mai inji ƙasa da kilowat ɗaya, agogon kunnawa da tsaftar filta sun fi ta riba. Kuma duk mai sayarwar da ya faɗa muku yawan abin da za ku rage tun bai hau rufi ya karanta lambar injinku ba, ku ba shi shayi ku sallame shi. In kuwa an zo sake kicin gaba ɗaya, murhun lantarki mai maganaɗisu ya fi na gas sauƙi a kan rumfa, don ba ya fitar da hayaƙin ƙuna kuma zafinsa a tukunya yake tsayawa.

Yanzu ga ainihin dalilin da ya sa na zauna rubutun nan da Hausa, ga mutanena, maimakon in bar wa injiniyoyin kamfani. In aka ce a rage wuta, wanda ke ofis lamba yake gani, mu kuwa huhunmu ne a wurin. Rage gudun fanka da awo daban, shaƙe kicin daban, kuma na ga an haɗa su.

Murhun gas yana cin iska yana fitar da kabon dayoksayid, in iska ta yi masa ƙaranci ya koma fitar da kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Saboda haka ne kicin ɗin gas da aka kafa tun daga 2001 ake haɗa bututun gas da fanka, in fanka ba ta ja gas ba zai zo ba. Makullin nan shi ne ke sa mai son dafa tukunya ɗaya da safe ya tada fanka gaba ɗaya, kuma shi ne ke yanke gas in an rage gudu fiye da kima. Wata rana aka kira ni wani wuri, ba zan faɗi suna ba, wai ma'aikata na fama da ciwon kai kullum da yamma. Na buɗe akwatin makullin na ga an sa guntuwar waya an tsallake shi. An rage fanka don tsimi, gas ya riƙa yankewa ana tsakar girki, wani mai dabara ya yi maganin yankewar. Garin neman ƙiba aka samo rama. Yaran da ke tsaye a layin girkin nan biyu daga cikinsu 'yan ci-rani ne irina, ba wanda ya san yana da bakin magana.

To ku sani kuna da shi. Mafi ƙarancin gudun fanka ba manaja ke yanke shi ba, ba kuku ba, ba ni ba ma ni kaɗai. Ana sa shi ne da gwaji, a kunna duk kayan gas, a auna iskar da mai girki ke shaƙa, kuma ɓangaren gas sai mai rajistar Gas Safe, wato rajistar masu izinin aikin gas, wanda ke da shaidar aikin kicin ɗin kasuwanci. Kuna iya cewa ya nuna katinsa, bayan katin an rubuta irin aikin da aka yarje masa. In an kafa na'urar auna kabon dayoksayid a bango, kada a rataya mata tawul. In harshen wuta ya koma rawaya yana lilo maimakon shuɗi, in kai na sarawa a wurin aiki ya saki bayan an fita, a faɗa, in ba a ji ba hukumar HSE mai kula da lafiya da tsaron ma'aikata da sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma suna karɓar ƙorafi. Zafi ma haka. Dokar ƙasar nan ba ta yanke iyakar zafin wurin aiki da lamba ba, ta ce dai ya zama daidai misali, kuma duk wanda ya tsaya gaban abin gashi ranar 19 ga Yulin 2022, ranar da zafi ya haura digiri 40 a Ingila, ya san bai kamata a yi tsimi da fanka a irin wannan rana ba.

Masu tsire da balangu, ku matso, wannan taku ce. Duk abin da na faɗa na kashe fanka da wuri bai shafi mai gawayi ba. Gas in an rufe ya mutu nan take. Gawayi kuwa yana nan yana ci a ƙarƙashin toka bayan kun kulle kun tafi, yana fitar da kabon monoksayid har gari ya waye, kuma ba makullin da zai yanke shi. A gida a waje muke gashi, iskar Allah ke kwashewa, shi ya sa hankalinmu ba ya zuwa nan. A nan kuwa shago rufe yake ruf, sau da yawa akwai masu haya suna barci a saman bene, kuma iskar tana ratsawa ta kai gare su. HSE ta fitar da takarda musamman kan girki da gawayi da itace, kuma abin da take so shi ne fanka ta ci gaba da ja har sai garwashin ƙarshe ya mutu, a kuma sa ƙararrawar kabon monoksayid irin ta wurin kasuwanci. Mai buɗe shago da safe shi ne na farko da zai shaƙa. Ku nemi tsiminku a firji da fitilu, wannan fankar ku bar ta.

Manajojinmu, ku ne ke zama da masu gida. Da yawa daga wuraren nan mitarsu tana rubuta cin wuta duk rabin awa, ku nemi a ba ku na mako guda ku duba abin da ake ci tsakanin ɗayan dare da shidan safe. In ya fi abin da firji da ɗakin sanyi za su ci, wani abu na kwana a kunne, kuma na sha hawa rufi da asuba in taras fanka ce. Manyan kamfanoni masu ma'aikata 250 zuwa sama doka ta ɗora musu binciken makamashi duk shekara huɗu ƙarƙashin shirin ESOS, to ku tambaya me binciken ya ce game da kicinku. Inda kuma mai haya ke biyan wuta alhali gini na kamfani ne, kowa kan jira ɗan uwansa ya sayi inbata, shekara ta zagayo ba wanda ya saya. Lissafin yunit ɗin da na yi a sama ku sake shi da lambar injinku da farashinku, ku ajiye musu a tebur. In an amince za a yi aikin, ku nemi a rubuta muku sakamakon gwajin iska kafin aiki da bayansa, a manna kwafi a kicin inda mai wanke-wanke zai iya gani.

Wanda ke buɗe kicin gobe da safe, ka duba agogo lokacin da ka kunna fanka, ka sake dubawa lokacin da aka ɗora tukunyar farko. Ka ja ƙofar kicin ka ji ko tana gardama. In tana yi, a kira mai gwaji kafin sanyin Nuwamba ya shigo.

Wassalam.

Ɗan uwanku,
tsohon mai wanke-wanke, mai gyaran fankar kicin a arewacin Ingila